Jinina ya fito lafiya lau

Mu biyu ne masu fuka a gidanmu na Aliero, ni da ƙanena da ke bi mini. Babanmu dillalin albasa ne, kuma burin kowane yaro a gidan shi ne ranar da za a ce ya bi mota ya kai kaya kurmi. Ni ne babba, don haka a ganina gurbin nawa ne. Amma Baba ya ce ba zai tura mai ciwon ƙirji hanya ba, duk wanda ya samu sauƙi a cikinmu shi zai tafi.

Wani likita a Jega ne ya ce a auna jininmu. Ya ce fuka iri biyu ce. Akwai wadda wani abu na waje ke tayarwa, kamar gashin dabba ko na tsuntsu, kuma jini kan nuna alamarta. Akwai kuma wadda ba ruwanta da wannan. Aka ɗebi jinin aka aika babban ɗakin gwaji a birni, muka dawo gida muna jira.

Da sakamako ya iso, labari ya bazu a unguwa cewa an ga abu a jinin ƙanena, nawa kuwa ba a ga komai ba. Mata suka riƙa shigowa suna yi wa Inna jaje a kansa, suna yi mini barka. Wata gwaggonmu har daga Maiyama ta zo da kaza. Ni kuwa, Allah ya sani, daɗi na ji. Har na je na ɗinka sabuwar riga ta tafiya.

Muna komawa wurin likita murna ta koma ciki. Ya ce jinin ƙanena ya nuna jikinsa ba ya shiri da gashin tattabaru, ga shi kuwa kiwonsu yake yi a bakin ɗakinmu. A raba shi da su, ya ci gaba da magani, za a ga canji.

Na ce, "Likita, ni hwa? Mi za a raba ni da shi?"

Ya ce tawa ba ta da wani abu guda da za a kora. Mura na iya tayar da ita, hayaƙi ma haka, wata rana ma ba dalilin da za a gani. In riƙe maganin shaƙa kullum, shi ke nan.

Aka sayar da tattabarun, aka wanke ɗakin, aka sake wa ƙanena shimfiɗa. Kafin a cire albasar shekarar, yaron nan ya yi kumatu, yana ɗaukar buhu yana waƙa. Na yi kishinsa, kishi mai zafi. Ba lafiyarsa kaɗai nake kishi ba, har cutar tasa, tunda ita an san mai laifi an kore shi. Ni da wa zan yi faɗa? Abin da ya fi ƙona mini rai, in na zauna ina haki a bakin rumfa sai Baba ya ce, "Kai da jininka yah hito lahiya lau, mi ad damuwarka? Tashi ka juya albasag ga." Har na gaji da bayani. In na harari ƙanena, Inna ta ce hassada ga mai rabo taki ce. To, na zuba masa taki iya ƙarfina.

Shi ya bi motar. Ni na taya lodi, na ɗaure igiya, ban tsaya ganin tashinsu ba.

Da suka sauke kaya ya kira ni a waya, yana ta zuba labarin gada da ruwa da cinikin da ya yi. A lokacin ƙirjina ya riƙe, ina jan numfashi da ƙyar, ba na iya amsa masa. Can ya dakata.

"Yaya, wace ƙara ta nika ji haka kamar hito? Layin ne ba shi da kyau?"

Yaron da muka yi shekaru muna karɓa-karɓa da kwalbar magani guda, shi ne yau bai gane kukan ƙirjin mai fuka ba. Na tattara ɗan numfashin da ya rage mini na ce, "I, layin ne." Ya ce bari ya kashe ya sake kira.