Dutse na Bakwai

Wata Asabar ce da hantsi, a farkon bazarar shekarar da na shiga aji uku, na yi ɓarnar da har yau in na je gida sai an tsokane ni da ita. Inna tana surfe na ishe ta da surutu, ta ce in ɓace mata da gani. Na kwashi gwangwanayena na gangara gabas da gari, inda ciyawa ta bushe ta kwanta, zan yi tuwon ƙasa. Murhu ya samu, tukunya ta samu, saura dutsen niƙa. Ni kuwa tun ina yarinya ba na yin abu rabi da rabi, ko miyar wasa ce sai na niƙa mata kayan haɗi. Ina tafe ina ture ciyawa da ƙafa sai na yi tuntuɓe da wani farin dutse mai santsi, girmansa kamar kabewa, rabinsa a binne. Na sa kara na tone shi, na yi ta mirgina shi ina nishi har gindin wata ɗorawa da ke can nesa. Ranar na niƙa ganyen tafasa a kansa har hannuna ya yi kore, na koma gida ina jin babu ya ni.

Garinmu, Tungar Barde, yana zaune ne tsakanin wani dogon dutse da wani babban tafki. Duk abin da na sani na kafuwarsa daga bakin kakata Yalwa na ji shi, tana kaɗi muna ɓarar gyaɗa a gabanta. Ta ce da can mutanenmu a saman dutsen suke zaune saboda tsoron mahara, ruwan sha ma sai mata sun sauko da asuba da tuluna, maza na tsaron su da baka. Ƙasa kuwa daji ne baƙi ƙirin, ɓauna da kura ne masu shi, tafkin kuma na dorina. Da duniya ta yi lafiya, wani maharbi mai taurin kai da ake kira Barde, kakan kakanmu, ya ce shi ya gaji da hawa da sauka. Ya sauko da iyalinsa ya kafa bukkoki a bakin ruwa, gidaje biyar suka biyo shi. Shekara biyu suna cin kifi suna yi wa na sama dariya. A ta uku tafki ya cika ya tashi, ya kwashe bukkokin da rumbuna da awaki, da ƙyar mutane suka tsira da rayukansu. Barde bai koma sama ba. Ya hau dutsen ya sauko da farin dutse guda, ya dasa shi daidai inda ruwan ya tsaya, ya ce kada wanda ya ƙara gini a ƙasa da shi.

Daga nan abin ya zama al'ada. Duk shekarar da tafki ya yi babbar cika, sai a dasa dutse a inda ya tsaya, a jere a gefen gabas. Masunta suka zo daga yamma da komayensu, Fulani suka sauka da shanu, fatake suka yada zango suka ƙi tashi, kuma kowa sai an nuna masa duwatsun kafin a yanka masa fili. Sai dai ruwa bai sake kai wa na Barde ba, ciyawa ta rufe shi, masu tasowa suka daina zuwa wajensa. Kaka takan ce, "Tafkin nan ba ya mantuwa, mu ne muke mantawa." Ni a lokacin labari kawai nake sha, ban taɓa haɗa dutsen Barde da dutsen niƙana ba.

Ba a yi wata guda ba sai ga baƙi daga wajen Maraɗi, fari ya koro su. Malam Idi ne da matarsa da 'ya'ya huɗu da jaki ɗaya, da buhun gero biyu da suka rage musu a duniya. Baffana Sale, ƙanin mahaifina, shi aka sa ya yanka musu fili. Ya bi jerin duwatsun daga bakin ruwa har ya kai wanda ya ga babu wani a gabansa, ya ƙara taku goma, ya ce bisimilla. Malam Idi bai tambayi komai ba, baƙo ne, abin da aka nuna masa shi ya yarda da shi. Ya kama kwaɓa ƙasa da 'ya'yansa, cikin sati uku ɗakuna biyu suka tashi, aka ɗora jinka, rumbu ya kai ƙirji. 'Yarsa Hadiza sa'ata ce, muka shaƙu nan da nan. Tare muke ɗebo ruwa, tare muke tsinkar kuka, ita ta koya mini wata irin gaɗa ta garinsu, ni na koya mata iyo a gefen da babu zurfi.

A garinmu baƙo ba ya zama ɗan gari sai ya zauna gaban tsoho ya ji labarin duwatsu. Kaka ce mafi tsufa, ga shi ƙafa ta hana ta fita, don haka aka kawo mata su wata rana bayan la'asar. Ina gefe ina yi mata fifita. Ta faro tun daga saman dutse har ta zo kan jerin, ta ce bakwai ne, na ƙarshe fari sol, mai santsi, babu irinsa a ƙasan nan. Hadiza, da ba ta iya ɓoye abin da ke bakinta ba, ta ce, "Kaka, mu shida muka ƙirga, kuma duk baƙaƙe ne." Aka yi dariya, Baffa ya ce lissafin tsufa ne. Ni kuwa maficin ya tsaya a hannuna. Na ga ɗorawar nan, na ga ganyen tafasa, na ga ɗakin da Hadiza ke kwana a ciki. Wallahi na so in yi shiru. Ba wanda ya gan ni, kuma na san bulalar Inna. Amma hadari ya riga ya fara haɗowa a gabas kowace yamma, buhunan geron nan biyu kuma suna can a ƙasan layin.

Na miƙe na ce ni na ɗauke shi, yana gindin ɗorawa, miya nake niƙawa a kai. Inna ta yi salati ta nufo ni, Kaka ta ɗaga mata hannu. Ta ce a ɗora ta a jakin Malam Idi. Haka muka fita, rabin gari na biye da mu, ni a gaba ina share hawaye da gefen zani. Na nuna ramin da na tone, yana nan bai cike ba, sama da sabon gidan da taku kusan talatin. Baffa ya cire hula ya yi ta sosa ƙeya. Kaka ta ce kada kowa ya taya ni, yadda na kai shi haka zan dawo da shi. Na mirgino abina ana kallo, na zaunar da shi, na tattake ƙasar da ƙafa. Sannan ta ce, "To, Asabe, yanzu ke ma kin dasa dutse."

Washegari aka yi gayya. Aka sauke jinka, aka rushe ɗakunan da mutum ya gina da guminsa, aka sake tayar da su a sama da farin dutse. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar da na ga Malam Idi yana rushe rumbunsa da hannunsa ba, ga shi ko harara bai yi mini ba. Ni na yi ta jidar ruwan kwaɓi har wuyana ya sage. Daminar kuwa ta zo ta wuce lami lafiya, ruwa ko dutse na uku bai taɓa ba. Samari suka sa mini suna Mai Dutsen Niƙa, suna cewa na sa gari aikin banza. Sai bayan shekara uku, ina ajin ƙarshe, tafki ya tashi irin tashin da ko Kaka ba ta taɓa gani ba. Muka tsaya a ƙofar gidan su Hadiza muna kallon ruwa yana shafe tsohon kangonsu, ya yi ta matsowa har ya rage taku ɗaya tsakaninsa da farin dutse, sannan ya tsaya. Daga ranar ban sake jin maganar aikin banza ba.

Yau shekarata goma sha ɗaya a Guangzhou ta ƙasar Sin ina sayen takalma a kasuwar Zhanxi ina lodi zuwa gida. Nan ma gari ne na ruwa, in damina ta kankama titi kan koma kogi cikin awa guda. Ranar da zan kama sito na farko, na tambayi mai gidan ko ruwa na shiga. Ya yi ta kaɗa hannu yana cewa "meyo, meyo", wato babu. Na ce to, lawban, wato maigida, bari in gani da idona. Na janye wani tsohon kanta na haska bango da waya, sai ga layin da ruwa ya bari, ya kusa kai gwiwata. Na ja masa jan fenti, na sa aka yi mini dandamalin katako a samansa, kuma har yau kwalina ko ɗaya bai taɓa jiƙewa ba. Duk wanda ya sauka sabo, ɗan Kano ne ko ɗan Yamai ko ɗan zangon Kumasi, kafin in nuna masa kasuwa sai na kai shi gaban bangon nan. Suna yi mini dariya, wai Hajiya da tarihin ruwa. Su yi ta yi, ni na san abin da ke kan baƙon da ya yarda da abin da aka nuna masa.

Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. An ce yanzu gidajen bulo sun gangara har dutse na huɗu, kuma babu mai zaunar da baƙo ya ba shi labari. In na tuna sai zuciyata ta yi nauyi, don ina kewar garin da kowa ya san inda ruwa ya tsaya. Kwanan baya Hadiza, da take da jikoki a gidan nan da aka sake ginawa, ta turo mini hoto. Ta nome ciyawar da ke kewaye da farin dutsen, ta shafa masa farar ƙasa, ta rubuta a ƙasa cewa kowace bazara haka take yi, kada wata mai son niƙa ta sake zuwa.

Na daɗe ina kallon hoton. Yana nan daidai inda na ajiye shi.