Wumbei da Tankin Yashi

Shekara ashirin Wumbei yana kula da tankin yashin da ke tace mana ruwan dam. Ba ya yarda a taɓa gansakukar saman yashin, wai ita ke kama dattin da ido ba ya gani.

Da aka ce baƙi na zuwa, Neindoo shugaban kwamitin ruwa ya leƙa tankin.

"Baba, tanki ne ko gidan kwaɗi? Kwashe tas!"

"Ɗana, koren nan ke tsare mu."

Amma ya kwashe. Bayan kwana uku gudawa ta kama yara, har jikata Sanatu. Aka ɗora wa Wumbei laifi, aka karɓe makullin wurin. Jiya na gan shi a bayan shinge, yana leƙe ko yashin ya fara kore.