Sawun Yayana Yana Bakin Teku

Jama'a, ni ba marubuciya ba ce, iyakacin karatuna sakandare, kuma ban zo neman tausayin kowa ba. Abin da zan ba ku labarinsa ya faru da ni shekara uku ke nan, wallahi tallahi ban ƙara komai a kai ba, wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya ƙara gaba, don an riga an kira ni mahaukaciya a gaban mutane kuma ban mutu ba.

A lokacin ina aiki a wani shagon kwamfuta a Gumel, can wajen tasha, muna buga wa mutane takardu muna cike musu fom. Mai shagon sunansa Malam Habu. Yayana Salisu kuwa, wanda mu biyu kaɗai iyayenmu suka bari, direba ne a wajen wani mai fataucin shanu a Maigatari, zan kira shi Alhaji kawai, ya ishe shi.

Wata Asabar cikin bazara sai ga Alhaji ya shigo shagon, Yaya na bayansa riƙe da makullin mota, ya miƙo min waya ya ce, "Ke 'yar boko, kalli nan." Bidiyo ne na wasu mutane a farin jirgin ruwa a tsakiyar teku, ba tudu gabas ba tudu yamma, an ɗaure ɗaya a kujera da bel yana jan igiyar fatsa yana nishi, can sai ga kifi ya yi tsalle, wallahi ya kai bijimi, bakinsa dogo kamar takobi. Ashe wani abokin hamayyarsa ne a kasuwar shanu ya je ya dawo yana cika wa mutane baki. Alhaji ya ce shekara talatin yana bin bayan shanu bai taɓa hutawa ba, wannan kifin yake so ya kama da hannunsa a ɗauke shi hoto, kuma da Salisu za shi don ya riƙe masa jaka. Mu da ko kogi ba mu da shi, kifin da muka sani busasshe ne da ake kawowa daga Haɗeja a kwali! Amma ku ga fuskar Yaya ranar, kamar yaron da aka yi wa ɗinkin salla.

To ni aka ɗora wa shirin. Na samo masaukin, a wani tsibiri ne can gabashin Afirka, ɗakunansa rufin ciyawa a bakin ruwa, har Alhaji yana cewa, "Yanzu in bar gidan bene in hau jirgi in je in kwana a bukka?" Mako biyu muna musayar saƙo da su. Na tambayi watan da teku take lafawa, na tambayi ko naman yankan Musulmi ne, na tambayi maganin jiri, suka ce jirgin yana fita da sassafe ya yi tafiyar awa uku kafin a jefa ƙugiya, kuma sun ware wa Alhaji da Yaya kujera biyu da fatsa biyu. Sannan suka turo fom. Nauyin mutum, ko ya iya iyo, nan Yaya ya ce in rubuta ya iya tunda ya yi wanka a kududdufi da damina, sai kuma lambar takalmi, wai suna ba baƙi wani takalmin roba da ba ya santsi a jirgi.

Alhaji ya san lambarsa. Yaya bai sani ba, shi tun da yake bai taɓa sayen takalmi da lamba ba, wajen baduku yake zuwa ya taka kwali a zana ƙafarsa a ɗinka masa. Sai ya ce, "Ke, miƙo farar takarda mana, su Turawan ba su da ido ne?" Ya cire takalmin hagu ya taka, na durƙusa na zagaye ƙafar da biro, yatsu huɗu, don ƙaramin ya tafi a hatsarin acaɓa tun yana saurayi. Muna ta dariya, yana cewa ina yi masa cakulkuli. Na sa takardar a na'ura na ɗauki hotonta na tura musu, ita kuma na jefa ta a durowa. Da hannuna na yi, wannan shi ne abin da har yau yake cina.

Kwana uku bayan nan na jawo durowar zan ɗauki wani abu, sai na ga takardar a jiƙe. Ba duka ba fa, iya cikin zanen ƙafar, tun daga dunduniya har yatsu, wajen layin kuwa a bushe ƙamas, sauran takardun da ke sama da ƙasanta ma a bushe. Ga wani ƙarni yana tashi. Na dangwala yatsa na kai baki, Allah ya yafe min, gishiri ne zalla. Na shanya ta a dakali ta bushe nan take, kun san ranar Gumel da bazara, washegari na buɗe, ta sake jiƙewa. Da na nuna wa Malam Habu ko kallon kirki bai yi mata ba, ya ce ruwan leda na zubar, in daina ajiye abin sha kusa da kayan aikinsa.

Ranar Laraba da azahar aka ɗauke wuta, Malam Habu ya tafi masallaci, ina zaune ni kaɗai ƙofa a buɗe, mutane na wucewa, masu keke na ta hon. Sai na ga jiƙaƙƙen sawu a kan siminti a gindin durowar. Ƙafar hagu, yatsu huɗu. Gaba da shi kaɗan ga wani, shi ma na hagu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ina kallo da idona na ukun ya fito, kamar mutum ya taka a hankali, dunduniya tukuna sannan yatsu, sai na huɗu a bakin ƙofa, duk sun nufi waje. Kafin Malam Habu ya dawo sun bushe, sai farin gishiri da ya rage a wurin, shi ma ya sa ƙafa ya goge yana min faɗan ban yi shara ba.

Ban jira an tashi ba, na naɗe takardar a leda na hau mota sai Sule Tankarkar, wajen kakarmu Iya, wadda ta riƙe mu. Ta saurare ni har na gama, ta buɗe ledar ta sunsuna, sannan ta ɗago ta ce, "Ke 'yar nan, bokon naki bai gaya miki ba a wasa da sawun mutum ba?" Ta ce lokacin da kakanmu yake fatauci, duk ranar da zai fita sai ta bi bayansa ta ɗebi ƙasar sawunsa a ƙofar gida ta ƙulle a tsumma ta ajiye ƙarƙashin gado, don ƙafar ta dawo gida. "Ke kuma kin ɗauki na ɗan'uwanki kin aika wa ruwa tun bai tashi ba. To ina kike so ƙafar ta nufa?" Ta sa na haƙa rami a zaure, ta shimfiɗa takardar yatsun na kallon cikin gida, ta yi addu'o'inta muka rufe. Tana karkaɗe hannu ta ce, "Wannan na gyara. Wanda kika aika fa, wa zai juyo da shi?"

Na san masu cewa camfi ne, na san masu cewa in ji tsoron Allah. Ina jin tsoronsa, ina salla, kuma na san babu mai kashewa babu mai rayawa sai shi. Amma ni na ga sawun nan yana fita, ba labari aka ba ni ba.

Fasfon Yaya yana hannuna saboda neman biza, kuma saura kwana goma sha biyu tafiya, ba yadda za a yi a samu sabo. A jakata yake, sai na ciro na ba Iya, ta jefa shi a ƙasan kwallarta ta rufe. Ranar Juma'a da safe Alhaji ya zo shago karɓar takardu, Yaya na tare da shi. Na miƙa masa nasa cif, na ce, "Ranka ya daɗe, ga naku. Na Yaya kuwa yana wajena, kuma ba zan bayar ba."

Alhaji ya juya wajen Malam Habu ya ce, "Yarinyar nan lafiyarta ƙalau?" Na faɗa musu komai, takardar da sawun da gishirin, ban sunkuyar da kai ba. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce aljanun Gumel da ko rijiya wuya take musu, yaushe suka san hanyar teku? Da ya ga ba wasa nake ba sai ya ɗaure fuska ya ce zai kira 'yan sanda. Na ce, "A kira su, ranka ya daɗe. Su rufe ni, in dai shi yana tudu." Malam Habu ya ce in ɗauki jakata kar ya ƙara ganina. Duk wannan bai dame ni ba kamar Yaya, da ya biyo ni waje idonsa jawur ya ce, "Sau ɗaya a rayuwata zan hau jirgin sama, sau ɗaya, shi ne kika tsaya a gaba? Ni na saya miki littattafan da kike min hauka da su." Na ce, "Yaya, ka tsane ni kana numfashi, na yarda." Ya tofar da yawu ya tafi. Ya je wajen Iya, ta ce ita tsohuwa ce ba ta san wani fasfo ba, ya zauna ya sha fura.

Alhaji ya tafi shi kaɗai, ya kuma huce haushinsa a kan Yaya, ya cire shi daga motar gida ya mayar da shi babbar mota yana ɗaukar buhunan zoɓo. Yaya ya daina gaishe ni, ko a hanya muka haɗu sai ya kau da kai. Unguwa kuwa ta samu abin yi, wai baƙin ciki nake da ɗan'uwana, wai a kai ni a yi min ruƙiyya.

Ranar wata Talata da la'asar ina tsakar gida ina wanki sai ga Yaya ya shigo, takalmi ɗaya a ƙafarsa, ƙafar wandonsa ta hagu ta yi fari-fari har gwiwa. Ya zauna a kan turmi ya ce, "Kin ci abinci kuwa?" Sai daga baya ya ba ni labari. Da hantsi yana Gagarawa Tasha a kan benci ana loda masa kaya, kawai ya ji an cafke idon sawunsa na hagu an fizge, ya faɗo, aka ja shi a ƙasa kamar taku uku, masu lodi na kallo suna salati, sannan aka sake shi. Ƙafar ta jiƙe sharkaf da ruwa mai sanyi, takalmin kuwa an duba ƙarƙashin mota da ko'ina, babu shi.

Da Alhaji ya dawo, duk da ya cire shi daga motar gida, Yaya ne ya ɗauko shi daga Kano. Alhaji ya kama kifinsa, ya yi hotonsa, yana ta annashuwa a mota. A cikin hira yake cewa, "Salisu, ka yi asara, har takalminka suka ajiye maka a ƙarƙashin kujerarka." Wai rana ta uku suna tsakiyar ruwa, fatsar da ke jikin kujerar da ba kowa ta lanƙwashe, wani abu ya ja da ƙarfin da ya tsinke bel ɗin, igiyar ta naɗe takalmi ɗaya, duk suka yi cikin teku. Ba wanda ya ga kifin. Matuƙin jirgin ya juya da su gida tun rana ba ta yi tsaka ba. Yaya ya ce ya tambayi Alhaji wace rana ce, ya ce Talata. Ya tambaye shi wane takalmin, Alhaji ya ce, "Kai ma da tambaya, na hagu ne ko na dama, ina ruwana?"

Amma ba wannan ne yake sa gabana faɗuwa ba. Alhaji ya ce ƙafar Yaya ta yi suna a can, masu masaukin ba su taɓa ganin wanda ya aiko da zanen ƙafa maimakon lamba ba, sai suka buga shi suka manna a bangon ɗakin cin abinci, wajen tagar da ke kallon ruwa, baƙi na dariya suna ɗaukar hoto. Sau uku ina rubuta musu ina roƙo su cire. Na farko suka yi godiya suka ce kowa yana son sa. Na biyu ba amsa. Na uku wata mata ta amsa da fara'arta, wai kar in damu suna kula da shi sosai, takardar ce dai take yawan jiƙewa, amma duk lokacin da ta lalace sai su buga sabuwa.

Yanzu ina sayar da kayan miya a ƙofar gida, kwamfuta ko a waya ba na son ganin hotonta. Har yau akwai masu nuna ni da baki, su nuna, Yayana yana nan da ransa, bara ma aka yi masa haihuwa. Alhaji bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban taɓa ba shi haƙuri ba, kuma ba zan bayar ba. Fasfon yana nan a kwallar Iya, Yaya bai sake tambayarsa ba. Abu ɗaya na lura, ko a tsakiyar bazara da safa yake kwana a ƙafar hagu, in na tambaye shi sai ya ce sanyi take ji.

Shawarata gare ku, musamman masu aikin cike wa mutane fom irin wanda na yi: in an tambaye ku lambar takalmi ba ku sani ba, ku taka zuwa kasuwa ku tambayi mai takalma, ba nisa. Kada ku zana ƙafar ɗan'uwanku ku aika inda ba za ku iya zuwa ku karɓo ba. Ni tawa aikar tana can a bango har yanzu, kuma Alhaji ya ce yatsun ruwa suke kallo.