Ganyen Zaƙami Bakwai a Kan Tabarma

Har in mutu ba zan manta da abin da ya same ni ba wata ranar Asabar da damina, da ƙarfe biyu da minti ashirin na rana. Na riƙe lokacin ne domin na duba agogo kafin in fito tsakar gida in kwashe shanyata, sai na tarar an naɗe tabarmar an jingine ta da bango.

A lokacin ina aji uku a jami'a a Gusau, ina karanta ilimin halittu. An ba mu aikin hutu: kowa ya tattaro tsirrai ashirin na yankinsu, ya danne su tsakanin tsofaffin jaridu har su bushe, ya zana kowanne da fensir, ya rubuta sunansa na kimiyya. Zanen ne ya fi mini daɗi. Ni ba mai magana ba ce, ko a aji ba na ɗaga hannu, amma in aka bar ni da ganye da takarda sai in wuni ina bin jijiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya.

Cikin tsirran da na samo a bayan garinmu Bungudu har da zaƙami, wanda kaɗan daga cikinsa ke gusar da hankalin babba, mai yawa kuma ya kashe. Ganye bakwai na tsinko. Danshin damina ya sa jaridun suka fara fumfuna, don haka da safe na fito da ganyen na jera su a gefen tabarmar da Inna, mahaifiyata, ta shanya rama. Na rubuta sunan tsiron da Latinanci a 'yar takarda, na danne da tsakuwa, na koma ɗaki wajen zanena. Ban gaya wa kowa ba. A ganina na yi komai bisa ƙa'ida.

Da na fito kwashe shanyar, a gindin bango na tarar da matar yayana, 'yar Tsafe, da cikinta wata bakwai, tana suɗe kwano. Ta ce kwaɗayin tsami ne ya dame ta, shi ya sa ta ɗebi ramar Inna ta yi kwaɗo, sauran ta juye a buhu saboda hadari. Ta kai wa Baba nasa, ta kuma ajiye mini nawa.

Na zazzage buhun a ƙasa ina tonawa. Babu zaƙami ko ɗaya. Na ruga na ɗauko littafin zanena na buɗe mata, na tambaye ta ko ta ga irin wannan ganyen. Ta karkata kai ta duba, ta yaba kyan zanen, ta ce, "Ke ƙanwata, ni da hannu biyu na dumbuza na zuba a tukunya. Ganye in ya yi yaushi ai duk ɗaya ne."

Abin da na fi jin kunyarsa har yau shi ne, ban faɗa mata a take ba. Na shiga ɗaki na buɗe littafin karatu, ina karanta alamomin gubar: bushewar baki, faɗaɗar baƙin ido, zafin jiki, sambatu. Na riƙa leƙen ta ta taga. Ta yi hamma, gabana ya faɗi. Ta tashi ta sha ruwa a randa, ta ƙara kofi na biyu, sai na tuna da bushewar bakin da na karanta. Inna ce kaɗai za ta iya sanin wani abu, ita kuwa tun hantsi ta tafi suna Furfuri, wayarta na kan gado. Ina ta lissafin da wane ido zan kalli yayana, da wane baki za a gaya wa mutanen Tsafe cewa aikin makarantata ne ya yi wa ɗiyarsu haka. Kusan rabin awa na ɓata ina wannan, alhali in da gaske ne, wannan rabin awar ce za ta fi komai tsada.

Muryar Baba ce ta fitar da ni. Ya farka daga barcin rana yana kira a kawo masa ruwa, wai maƙogwaronsa ya bushe. Na kai masa, na durƙusa, na faɗi komai ina kuka. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya tambaye ni ganye nawa ne, na ce bakwai. Ya yi salati a hankali, ya zura takalmi, ya ce in sa matar yayana ta ɗauko mayafi, zai nemo mota mu tafi asibiti Gusau. Na gaya mata dalili. Ta dafe cikinta da hannu biyu, ta zauna a kan turmi tana kallona.

Muna nan a haka Inna ta yi sallama, da ƙullin cincin na suna a hannu. Ta dube mu, ta tambayi wa ya mutu. Na fara bayani ina haɗa Hausa da kalmomin makaranta, ta katse ni, ta wuce ɗakin girki, ta miƙa hannu can saman katanga ta sauko da wata baƙar leda a ƙulle. Na kwance na ƙirga sau uku. Bakwai cif, har da 'yar takardata. Ashe kafin ta fita ta gan su, ta kwashe, ta yi sallama da ni daga ƙofa, ni kuwa na nutse a zane ban ko amsa da kyau ba.

Ranar na gane cewa tsanaki a kan takarda bai isa ba. In ka san abu zai iya cutar da wani, faɗa masa da bakinka, da harshen da yake ji, kuma tun kafin a tambaye ka. Da yamma, bayan Baba ya sallami mai motar, na samu Inna tana tsince ramar da na zubar, na ce mata cikin sanyin murya ai na sa takarda a kai. Ba ta ɗago ba.

"Na ga takardarki," in ji ta. "Malamanki kika rubuta wa, su kuwa suna Gusau. Mu da za mu ci abincin muna nan tsakar gida, taku biyar daga ƙofarki."