Taubashina da Batirin Agogon Kwamfuta

Ɗan gwaggona ne, kuma har yau in an ambace shi sai na ji ɗaci a bakina. Shi ɗan mace, ni ɗan namiji, don haka a al'ada bawana ne. Yana da damar ya zage ni a tsakiyar kasuwa, ya fizge mini hula, in watan cika-ciki ya kama ya zo karɓar shara. Ni ma ina da damar ramawa. Sharaɗin wasan taubasai ɗaya ne: ba a fushi.

Jihar Kebbi ba ta daɗe da samuwa ba na buɗe ɗan shagon buga takardu a Yelwa, da tsohuwar kwamfuta guda ɗaya. Saboda zafi nakan bar murfin gefenta a buɗe, fanka na hura mata iska. Aikin da na dogara da shi shi ne tambayoyin jarrabawar wata makaranta mai zaman kanta. Shugabar makarantar ba ta son wargi. Ta ba ni aikin a kan gwaji, ta ce in na saɓa ranar da ta sa, kada in ƙara sa ran ganin ƙafarta a shagona.

Na kusa gamawa sai ga taubashina ya zo karɓar kuɗin shara. Na ce ya jira, na kashe kwamfutar, na tafi sallar azahar. Da na dawo na tarar ya tafi.

Na kunna ta. Ta yi ɗan ƙara, ta rubuto cewa agogonta ya ɓace, kwanan wata ya koma wata shekara da ko makaranta ban shiga ba. Na shiga inda ake saita agogo, na gyara, na sake tayar da ita. Tana zuwa daidai layin da take saita lokaci sai ta ƙame. Duk maɓallin da na danna, kamar ina taɓa gawa. Na kashe, na kunna, nan dai ta sake tsayawa.

Da farko wutar gari na zarga, na aro janareto. Sai na zargi datti, na hure cikinta da famfon keke. Na cire firinta, na cire duk wata waya da ba dole ba. Wani malamin lissafi da ya taɓa yin kwas a Sakkwato ya leƙo, ya ce ƙwayar cuta ce, ba makawa sai an wanke ta. Ya zo da faifansa, ya samu ya tayar da ita da shi, ya goge komai, har da tambayoyin da na sha wahalar bugawa. Muka sake kunnawa, ta tsaya a layin nan nata.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, duk kwanakin nan taubashina yana zuwa. Ya zauna a benci da karan rake, yana tofar da tuƙa a ƙofar shagona, yana cewa, "Ubangida, wanga injin naka azumi shikai?" Ya ga an goge aikina a gabansa, ya ci gaba da shan rakensa.

Daga ƙarshe na ɗora ta a cinya a motar haya har Kwantagora. Mai gyaran ya haska cikinta da tocila, ya nuna mini wani ɗan gurbi zagayayye, wayam.

"Ina batirin agogon?" ya tambaye ni.

Ban ma san akwai shi ba. Ya ɗauko sabo, ɗan fili mai ƙyalli kamar kwabo, ya danna shi a gurbin. Ta tashi lafiya lau, ba komai a cikinta. Kafin in dawo Yelwa shugabar ta kai aikinta wurin mai tafireta. Na je ban haƙuri, ko gaisuwata ba ta amsa ba.

A zauren Baba taubashina ya fito da batirin daga naɗin hularsa, a gaban 'yan'uwa, yana ƙyalƙyala dariya. "Ga sharata, tunda ka hana ni. Ni ɗauka maɓalli na na ado." Na miƙe, Baba ya ɗaga mini hannu.

"Zamna. Wasan taubasai na, ba a kai shi zucci."

Na zauna. Amma na kai shi zuci, na kuma rufe da murfi.

Taubashina jirgin ruwa mai inji gare shi, da shi yake ci. A shekarar wani babban ɗan kasuwa ya ɗauke shi jigilar albasa daga ƙauyukan bakin tafki na wajen Wara zuwa kasuwar Yelwa, kakar gaba ɗaya. Na jira albasa ta nuna. Na riƙa zama wurin wani makanikin injin jirgi, ina saya masa goro, har na tambaye shi wane ƙaramin abu ne in babu shi inji zai yi ta kuka jirgi bai motsa ba. Ya nuna mini ɗan fil ɗin da ke riƙe farfela, bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Ranar ɗaukar kayan farko na ce zan raka shi shan iska. Har murna ya yi, ya ce ashe ubangida ya huce. Muka isa ƙauyen da hantsi, 'yan dako suka shiga loda buhuna, shi kuma ya hau tudu shan koko. Injin yana ɗage, farfela a waje. Na naɗe wando na shiga ruwa da filaya a aljihu, na kwance, na zare fil ɗin, na mayar da komai yadda yake.

Aka gama lodi. Ya ja igiya, inji ya kama da ruri kamar sa, jirgi yana nan inda yake. Ya ƙara wuta, hayaƙi ya turnuƙe. Ya buɗe kan injin, ya goge fulogi, ya tsotsi tiyon mai ya tofar, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ni ina zaune a kan buhu, zuciyata fari tas.

Ɗan kasuwar ya dubi rana, ya dubi albasarsa. "Albasa ba ta jiran mai gyara," ya ce, ya yafito wani mai jirgi. Kafin taubashina ya tuna da farfela ya nemo ƙusa, an kwashe fiye da rabin kayan. A gaban kowa mutumin ya shaida masa ya nemi wani aikin, shi ya samu mai jirgi har ƙarshen kaka.

Sai na sauko, na buɗe tafin hannuna.

"Bawa, ko wanga kaka biɗa?"

Masu jirage da 'yan dako duk sun san abin da ke tsakaninmu, wuri ya kaure da shewa. Ya dubi fil ɗin, ya dubi jirgin da ke tafiya da albasar, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Wani dattijon masunci yana tsaye kusa da shi, yana kallon fuskarsa, yana jira ya ga ko zai yi fushi. Taubashina ya buɗe baki ya yi dariyar dole. Ban matsa ba sai da ya gama ta.