Tsohuwa Mai Waya a Gindin Bangon Inka

Ban san sunanta ba. Tana zaune a gindin bangon Inka, tsohuwar katangar dutsen nan ta mutanen dā, kan hanyata ta zuwa kasuwa a nan garin Kusko. Doguwar farar hula, kitso biyu har ƙugu, buhun dankali a gefe. Hannunta duk kanta, da gani daga gonar kan dutse ta sauko. Ta ƙanƙame waya, ko ƙiftawa ba ta yi.

Sai ga wani ɗan jagora da Turawansa masu yawon buɗe ido, yana kiranta Mamita, wato Inna.

"Mamita, ɗan ɓoye wayar nan mana. Hoton zamanin dā suke so."

Ji rashin kunya! Kafin in buɗe baki ta riga ni.

"Ɗana, 'yata ce ke naƙuda a Lima. Zamanin dā kake nema? Ga duwatsu nan, su ba su da 'ya."

"Minti ɗaya fa, Mamita."

"Uwarka ma ɓoye ta kake yi in baƙi sun zo?"

Wayar ta yi ƙara. Ta miƙe, ta tare bangon da faffaɗan siket ɗinta, tana ɗaga murya: "Ta sauka? Mace ce?"

Turawan suna jira. Su jira mana.