Lasifikar Sabuwar Waya

Tela mutum ne da ba a cutarsa a kan kaya. Tun yana saurayi yake zaune bayan keken ɗinki ɗaya, a shagon da bai fi faɗin tabarma biyu ba. Duk yadin da aka kawo masa sai ya murza shi tsakanin yatsu, ya ɗaga shi ga haske, sannan ya gaya wa mai shi gaskiyar da ba a tambaye shi ba. Riga kuwa ba ya yabonta sai ya juya cikinta ya ga ɗinki. Wannan halin ya kore masa mutane da yawa, amma waɗanda suka tsaya ba su taɓa kai ɗinki wani wuri ba.

Tun da matarsa ta rasu ya daina musu da kowa a kan yadi. Ya buɗe shago, ya taka keke, ya rufe. In an ajiye abinci ya ci, in ba a ajiye ba ba ya nema. Da ma kuka yake yi, da an san ta inda za a lallashe shi. Ranar da abin ya faru ya dawo da yamma ya tarar da ita kwance a tsakar ɗaki, kuma kowa ya ce masa farat ɗaya ne, ba ta sha wahala ba. Da wannan maganar yake rayuwa.

Abin da ya rage masa nata yana cikin tsohuwar wayarsa, wadda batirinta ya kumbura har sai da ya ɗaure ta da kyauron roba. Saƙon murya ne da ta aiko masa a ranar: "In za ka dawo ka taho da sabulu da ashana. Kuma kar ka tsaya wajen masu hira." Daga nan sai fasasshiyar lasifikar ta ɗauki ƙugi kamar ƙuda a cikin gwangwani, har saƙon ya ƙare. Kullum da rana in ya ɗaga ƙafa daga keke sai ya saurara.

Babbar 'yarsa ce ta tashe shi tsaye. "Baba, wayar nan za ta mutu a hannunka, ta tafi da muryar Mama."

Suka je shagon waya tare. Mai shagon ya jera musu guda uku a kan gilashi, mai arha da mai tsada da ta tsakiya. Tela ya ɗauki ta tsakiyar, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya juya bayanta yana lalube da farce.

"Ta ina ake ganin cikinta?"

"Ba a buɗe irin waɗannan, Baba."

"To yaya mutum zai san ta kirki ce?"

Mai shagon ya yi dariya, amma bai yi masa ƙarya ba. Ya ce bayanta roba ne, hotonta ba ya kyau in wuri ba haske, kuma in aka cika mata kaya takan yi nawa. Batirinta dai yana kai mutum gobe, lasifikarta kuma ta fi ta wasu masu tsadar. Tela ya ji duk wannan kamar ana karanta masa labarin wani. Hoto bai dame shi ba, shi da ko nasa bai taɓa ɗauka ba.

"A sa mini ita in ji," ya ce.

'Yar ta fahimci wa yake nufi. Ita ba ta taɓa iya sauraron saƙon ba, amma ta tura shi cikin sabuwar wayar, ta danna.

Muryar ta fito tas, har Tela ya waiga bayansa. Sabulu da ashana, da masu hira. Sai aka iso wurin da ƙugi ya saba rufewa, amma yau babu ƙugi. Aka ji numfashi mai nauyi, aka ji kujera ta yi ƙara. Sannan ƙasa-ƙasa, irin maganar wanda ya ɗauka ya kashe waya, ta ce: "Ƙirjin nan dai ya ƙi lafawa. Bari in ƙyale shi, ɗinki ya yi masa yawa yau."

'Yar ta rufe baki da gefen mayafi ta fita waje. Mai shagon bai san muryar wa ce ba, kuma lasifikarsa yake saurare, ba maganar ba.

"Ka ji ko, Baba? Ba abin da take haɗiyewa."

"Na ji," in ji Tela. "Kaya ne mai kyau. Ta ci kuɗinta."

Ya saya, don bai taɓa kushe abin da ya san nagari ne ba. Yanzu tana kan teburin yanka, da ita masu ɗinki ke turo masa hoton salon da suke so, kuma batirin yana kai shi gobe kamar yadda aka ce.

Tsohuwar kuwa tana cikin aljihun keke tare da zare da allurai, jone da caja don kar ta mutu. Da rana in ya ɗaga ƙafa daga keke ita yake ɗaukowa. A cikinta matarsa tana neman sabulu da ashana, daga nan sai ƙugi.